Dala 32 a Kan Kowace Mota: Wane Alƙali Ne Zai Auna Farashin?

A watan Yulin 2024, Babbar Kotun Ingila da ke Landan ta kori babban ɓangaren ƙarar da kamfanin Tesla, mai ƙera motoci masu amfani da lantarki, ya shigar a kan wasu kamfanoni biyu na Amurka, wato InterDigital, mai riƙe da haƙƙoƙin ƙirƙira a fasahar sadarwa, da Avanci, mai sayar da lasisin irin waɗannan haƙƙoƙi. Tesla bai musa cewa akwai kuɗin da ya wajaba ya biya ba. Abin da ya roƙa shi ne kotu ta duba dala 32 da ake nema a kan kowace motarsa mai amfani da fasahar sadarwa ta 5G, ta faɗa masa ko wannan farashi na adalci ne, idan kuma ba na adalci ba ne, ta yanke wanda ya dace. Mai Shari'a Fancourt ya ƙi shiga wannan magana, ya bar wa Tesla hanya ɗaya kawai, ta ƙalubalantar ingancin takardun haƙƙin ƙirƙira guda uku na InterDigital. A watan Maris na 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya. Ina ganin wannan hukunci, duk da hujjojin shari'a da aka ɗora shi a kansu, ya bar ƙofar zalunci a buɗe, kuma mu mutanen Kaduna da muka shekara hamsin muna haɗa motocin wasu muna da dalilin damuwa da shi fiye da yadda muke zato.

Mai karatu zai so ya san abin da ya haɗa mota da haƙƙin kamfanonin waya. Motar zamani tana ɗauke da wata na'ura mai layi a cikinta, wadda take magana da turakun sadarwa kamar yadda wayar hannu take yi. Da ita motar take nuna wa direba hanya, take sanar da kamfani idan inji ya fara ciwo, take karɓar sabuwar manhaja ba tare da an kai ta gareji ba. A Tarayyar Turai ma, tun daga 2018 doka ta wajabta wa sababbin samfuran motoci su iya kiran jami'an agaji da kansu idan an yi haɗari. Kafin wannan na'ura ta fahimci turken sadarwa, dole ne su bi ƙa'ida ɗaya, irin su 4G ko 5G, kuma kamfanoni kamar Nokia, Ericsson, Qualcomm da Huawei ne suke zama a ƙarƙashin cibiyoyin tsara ƙa'idoji, irin ETSI da ke Faransa, su amince da dabarun da za a saka a ciki. Da zarar dabarar wani kamfani ta shiga ƙa'idar, duk wanda zai ƙera abin da ke amfani da 5G sai ya bi ta kanta, babu wata hanyar zagaye.

Saboda wannan ƙarfi da ya faɗo hannun masu dabarun, ETSI take karɓar alƙawari a rubuce daga kowannensu cewa zai ba duk mai buƙata lasisi a kan farashi na adalci, mai ma'ana, ba tare da fifita wani a kan wani ba. Wannan alƙawari shi ne gishirin tsarin gaba ɗaya. Ba don shi ba, da hukumomin hana danniya a kasuwa ba su yarda manyan kamfanoni masu gasa da juna su kulle ɗaki su tsayar da hanya ɗaya ga duniya ba.

Avanci, wanda aka kafa a 2016 a birnin Dalas na jihar Tekzas, ba shi da haƙƙin ƙirƙira ko ɗaya nasa na kansa. Aikinsa tattara haƙƙoƙin kamfanoni sama da sittin, ya sayar wa mai ƙera mota da lasisi guda ɗaya a kan farashi guda, sannan ya raba kuɗin ga masu su. Ya fara da dala 15 a kan motar 4G, ya ɗaga zuwa dala 20 ga sababbin masu shiga a 2022, sannan ya yanka dala 32 a kan 5G a 2023. Duk wanda ya taɓa sayen shanu a Zangon Tudun Wada ya san dillalin da masu shanu da yawa suka damƙa wa dabbobinsu. A ƙaddara kowane mai shanu ya rantse a gaban sarkin zango cewa ba zai tsauwala ba, amma dillali ya tsayar da farashi ya ce babu ragi. Ka kai kuka, dillali ya ce shi bai rantse wa kowa ba, ka nemi mai sa ɗaya, shi kuma ya ce ba shi kaɗai ya yanka farashin garke ba. Wannan shi ne halin da Tesla ya samu kansa, kuma kusan haka kotu ta amsa masa: Avanci bai ɗauki alƙawari a gaban ETSI ba, don haka babu abin da za a kama shi da shi, InterDigital kuwa ɗaya ne daga cikin masu haƙƙi da yawa, alƙawarinsa ya tsaya a kan nasa haƙƙoƙin, kuma bai dace a yanke farashin da ya shafi sauran ba alhali ba sa gaban kotu. An kuma nuna cewa akwai kotu a jihar Delawiya ta Amurka da za a iya gwadawa.

Hujjojin nan suna da nauyi, musamman ta cewa ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa. Amma ra'ayina yana tare da Mai Shari'a Arnold, alƙali ɗayan da ya saɓa wa abokan aikinsa a Kotun Ɗaukaka Ƙara yana ganin ƙarar ta cancanci a saurare ta. Dalilina shi ne cewa sakamakon hukuncin ya koya wa masu haƙƙi wata dabara mai sauƙi. Mutum sittin da kowannensu ya ɗauki alƙawarin adalci, idan suka haɗa kayansu suka miƙa wa wakilin da bai ɗauki alƙawarin komai ba, sun sami farashin da babu mai ikon dubawa. A takarda, mai ƙera mota yana da damar bin su ɗaya bayan ɗaya ya ƙulla yarjejeniya sittin. A aikace kuwa, wannan aiki ne na shekaru da rundunar lauyoyi, kuma gudun wannan wahalar ce ta sa aka kafa Avanci tun farko, don haka bai kamata a mayar da ita amsa ga wanda ya zo neman a duba farashi ba.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne kotunan Ingila sun saba da wannan aikin awo. A watan Agustan 2020 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Unwired Planet da Huawei, ta tabbatar cewa alƙalan ƙasar suna da hurumin yanke farashin lasisi na duniya baki ɗaya. A 2023, shi wannan InterDigital ɗin ya nemi dala miliyan 337 daga kamfanin Lenovo a kan wayoyin hannu, Babbar Kotu ta auna ta yanke kimanin miliyan 139, daga baya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ɗaga zuwa kimanin miliyan 178. Ke nan ko bayan ƙarin, abin da aka yanke ya wuce rabin abin da aka nema ne da kaɗan kawai. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa farashin da mai haƙƙi ya kira na adalci da wanda alƙali zai samu na adalci suna iya yin nisa da juna ƙwarai. Idan haka ne a kan mai haƙƙi ɗaya, ban ga hikimar ɗauka cewa farashin taron masu haƙƙi ya fi ƙarfin kuskure ba.

Kada a ɗauka ina cikin masu ganin haƙƙin ƙirƙira wata dabarar Turawa ce ta cin kuɗin mutane. Kamfanonin motoci ba tsarkaka ba ne a wannan fage, kuma tarihinsu da ƙananan masu ƙirƙira ba abin alfahari ba ne. Robert Kearns, wani injiniya a birnin Ditiroyit, shi ne ya ƙirƙiro waifar da ke share gilashi ta ɗan dakata sannan ta sake sharewa, irin wadda kowane direba yake kunnawa yau idan ana yayyafi. Ya shigar da takardar neman haƙƙinsa a 1964, ya nuna wa injiniyoyin Ford abin da ya yi, sai ga shi a 1969 motocin Ford sun fito da irin wannan waifa ba tare da an biya shi ba. Ya kai ƙara a 1978, bai ga kuɗi ba sai a 1990, lokacin da Ford ya biya shi dala miliyan 10.2 bayan kotu ta samu cewa an shiga haƙƙinsa, ko da yake ba ta samu cewa da gangan aka yi ba. Shari'arsa da Chrysler ta kai har 1995, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron kamfanin. Mutumin ya ƙarar da mafi kyawun shekarunsa a harabar kotu, lafiyarsa da aurensa duk suka taɓu. Wanda ya san wannan labari ba zai yi saurin tausaya wa babban kamfanin mota don an ce ya biya ba. A ɓangaren addini ma maganar a fili take, domin Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a take karewa, kuma bai halatta a yi ta'adi a kanta ba. Kamfanonin da suka kashe biliyoyi wajen bincike har aka samu 5G suna da gumi a ciki, kuma dole a biya su.

Akwai kuma masu cewa dala 32, sau ɗaya tak a tsawon rayuwar motar da ake sayarwa dala dubu arba'in, ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne, kuma manyan kamfanoni irin su Mercedes-Benz da BMW sun karɓi lasisin 5G na Avanci ba tare da zuwa kotu a kansa ba. Gaskiya ne kuɗin ba shi da yawa a kan mota ɗaya, ko da yake ga kamfanin da ya sayar da motoci kimanin miliyan 1.8 a 2023 kamar Tesla, lissafin zai kusa dala miliyan 58 a shekara idan duk suka koma 5G. Amma yawan waɗanda suka sa hannu ba ya nuna sun gamsu, sai an duba yadda aka yi suka sa hannun. A watan Agustan 2020 wata kotu a Manhaim ta Jamus ta ba Nokia ikon hana Daimler, mai ƙera Mercedes, sayar da motocinsa a ƙasar, da sharaɗin Nokia ya ajiye jinginar yuro biliyan 7 kafin ya zartar. Daimler yana cewa al'adar masana'antar mota ita ce mai kawo kayan haɗi shi yake biyan lasisin abin da ya ƙera, kuma masu kawo masa na'urar sun nemi lasisin ba a ba su ba. Wata kotu a Dusuldof ta tura wannan tambaya ga Kotun Tarayyar Turai a ƙarshen 2020, amma kafin a amsa, Daimler ya sasanta a watan Yunin 2021, tambayar ta mutu. A watan Mayun 2022 wata kotu a Munik ta yanke irin wannan hukunci a kan Ford, kuma cikin 'yan makonni Ford ya karɓi lasisin Avanci. Kamfanin da aka ce za a rufe masa kasuwar Jamus saboda dabara ɗaya daga cikin dubban dabarun da ke cikin motarsa zai sa hannu a kan kowane farashi, kuma irin wannan yarda ba ta zama hujjar adalci. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan hali, inda wasu manya daga cikinsu suka tafi a kan cewa idan jama'a ta matsu ga abin da ke hannun 'yan tsiraru, hukuma tana da ikon tilasta musu sayarwa a kan farashin da ya dace da irinsa. Sharaɗin wannan magana shi ne a samu hukumar da za ta auna.

Kaduna ta san mota tun kafin yawancin masu karanta wannan rubutu su zo duniya. Masana'antar Peugeot da ke Kakuri ta fara haɗa motoci a 1975, kuma akwai lokacin da 504 ta zama motar gwamnati, motar haya da motar duk ma'aikacin da ya ci bashin mota. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, hukumar AMCON mai karɓar basussukan bankuna da suka gagara biya ta karɓi kamfanin a 2012 saboda bashi, sannan a 2022 sabuwar masana'antar Dangote da Peugeot ta fara aiki a kan hanyar Abuja. A duk waɗannan shekaru hannuwanmu ne suke ɗaure notuna, amma zanen injin, zanen jikin motar da sunan da ke goshinta duk na wasu ne, kuma kuɗin lasisi waje yake fita. Mun saba da zama masu biya, ba mu saba da tambayar yadda aka yi lissafin ba.

Ba ina cewa gobe da safe Avanci zai ƙwanƙwasa ƙofa a Kakuri ba ne. Haƙƙin ƙirƙira yana aiki ne a ƙasar da aka yi masa rajista, kuma yawancin motocin da ke yawo tsakanin Kawo da Sabon Tasha tsofaffi ne 'yan Kwatano da ba su san 5G ba. Sai dai hanyar da duniya ta dosa a fili take. An yi gwanjon lasisin 5G a Najeriya a watan Disamban 2021, MTN ya fara aiki da ita a 2022, kuma tuni na'urori masu layi suka shiga rayuwarmu ta ƙofofi da yawa: tirakar da masu motoci da masu Keke Napep suke ɓoyewa saboda ɓarayi, na'urar POS, da mitocin wuta na zamani. Kayan haɗin da masana'antunmu suke shigowa da su sukan zo da kuɗin lasisinsu a cikin farashi, kuma duk wanda yake mafarkin sayar da motar da aka haɗa a Najeriya a wasu ƙasashen Afirka ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwanci maras shinge zai shiga ƙasashen da haƙƙoƙin suke da rajista. Farashi guda a kan kowace mota ya fi nauyi a kan ƙaramar mota mai araha da ake yi don talaka fiye da motar alfarma. Idan kamfani mai dukiyar Tesla ya rasa alƙalin da zai auna masa farashi a Landan, ƙaramin mai haɗa motoci a Kaduna ko Nnewi ba shi da abin yi sai ya biya abin da aka ce.

Dokarmu ta haƙƙin ƙirƙira da zane ta 1970 ce, daga zamanin mulkin soja na Janar Gowon, kuma ba a yi mata wani babban gyara ba. Tana ba da kariya ta shekara 20, ta kuma ba Babbar Kotun Tarayya hurumin sauraron rigingimu, har ma ta yarda alƙali ya zauna da masana biyu da za su ba shi shawara a kan fasaha ko tattalin arziki, wanda tanadi ne mai kyau. Amma mai rajista ba ya binciken ko abin da aka kawo sabo ne da gaske. Yana duba cikar takardu da biyan kuɗi ne kawai, sannan dokar ta faɗa ƙarara cewa ana ba da shaidar ne ba tare da lamunin ingancinta ba. Haƙƙin kuma na wanda ya riga shigar da takarda ne, ko da ba shi ne ya ƙirƙiro ba, sai dai idan an tabbatar ya ɗauko ne daga wani ba da izini ba. Ma'anar wannan ita ce duk nauyin tantance gaskiya ya koma kan kotu, kotun da ƙararraki suka yi wa yawa, kuma dokar ba ta ce komai a kan alƙawarin farashi na adalci ba, domin an rubuta ta kafin a san wayar salula.

Wannan rauni ya fi cutar na ƙasa. A Tsohuwar Panteka, kasuwar maƙera da masu sana'ar hannu ta Kaduna, za ka tarar da mai walda ya tsuguna a gaban injin sussukar masara, ya yi wata uku yana sauya tazarar haƙoran da ke cikin ganga da girman ramukan rariya, yana zuba buhu yana duba tsabar da ta fito, har ya samu saitin da ba ya farfasa hatsi kuma ba ya cin mai da yawa. Ya sayar da guda biyu, ɗansa ya ɗauki bidiyo ya saka a Facebook don a samu ciniki. Kafin kaka ta wuce, wani ya sayi ɗaya ya kwance shi ya auna da tef, sai ga irinsa a rumfuna huɗu, a farashin da ya fi nasa sauƙi tunda su ba su yi asarar ƙarfe wajen gwaji ba. Idan ya je neman rajista a lokacin, doka za ta ce abin ya riga ya fita ga jama'a, don haka ya daina zama sabo. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa takarda ake fara shigarwa kafin talla. Hukumar NOTAP mai kula da shigo da fasaha da bunƙasa ta, wadda aka kafa tun 1979, tana taimaka wa masu ƙirƙira da rajista, amma sunanta ya fi yawo a jami'o'i da cibiyoyin bincike fiye da rumfunan maƙera. Wannan mutum da Tesla ba sa'o'in juna ba ne ta kowace fuska, amma abin da ya tsare su ɗaya ne, wato haƙƙi a rubuce da babu hanya mai sauƙi ta kai shi gaban wanda zai tabbatar da shi.

Don haka abin da nake nema daga 'yan majalisarmu na tarayya, musamman waɗanda suke wakiltar jihar da masana'antun mota suke, shi ne idan za a sake dokar 1970 a rubuta a fili cewa duk wanda ya ɗauki alƙawarin farashi na adalci a kan wata ƙa'idar fasaha, alƙawarin yana bin haƙƙinsa duk inda ya kai shi, ko ya sayar, ko ya miƙa wa wakili, ko ya zuba a asusun haɗaka irin na Avanci, kuma mai biya yana da ikon neman Babbar Kotun Tarayya ta auna farashin da ya shafi Najeriya. A kuma hana rufe masana'anta ko hana sayar da kaya gaba ɗaya saboda dabara ɗaya matuƙar mai kayan ya nuna a shirye yake ya biya abin da kotu ta yanke. Amurka ta rage saurin ba da irin wannan umarni tun hukuncin Kotun Ƙolinta na 2006, Jamus ma ta gyara dokarta a 2021 don a riƙa duba ko hukuncin bai fi laifin girma ba. Hukumar FCCPC mai kula da gasa a kasuwa, wadda dokarta ta fara aiki a 2019, ya kamata ta samu ikon duba irin waɗannan asusun haɗaka. Ga maƙeran gida kuwa, a tanadi ƙaramar rajista mai sauƙi da araha ta shekara 10 don ƙananan gyare-gyare, irin wadda Jamus, Sin da Kenya suke da ita, a kuma buɗe teburin karɓar takardu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda take maƙwabtaka da Panteka kuma ta riga ta fara hulɗa da masu sana'ar wurin, a sa ma'aikacin da zai yi bayani da Hausa ya taya mutum cike fom kafin ya kai injinsa kasuwa.